Gaisuwa Kawai Muka Zo

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da Yayana, kuma mutanen garinmu suna cewa da aka zo rabon baki ni na kwashe nawa na haɗa da nasa. Ban taɓa yi musu musu ba. Na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a firamare, daga Karaye zuwa Zoza, har na yi ritaya na dawo ƙauyenmu a mazaɓar Fulatan, kuma ko yau in aka miƙa mini lasifika a wurin ɗaurin aure sai an aiko daga cikin gida a ce tuwo yana hucewa. Shi kuwa Yaya makiyayi ne. Yana iya wuni bai yi wa ɗan Adam magana goma ba, amma ka bi shi daji ka ji hirar da yake yi da shanunsa da Fulatanci, har da dariya.

Tsakanin ƙauyenmu da titin da ke zuwa Rogo akwai wani rafi. Da rani ba za ka ce masa rafi ba, yashi ne kawai da sawun awaki. Da damina kuwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi, kafin ka gama cin tuwo ya cika ya batse, jawur, yana tafiya da kara da kututture. Mota ba ta shiga. Babur ma sai ruwan ya ja baya a ɗauke shi a ka. Wani lokaci a wuni ana jira, wani lokaci a kwana biyu, kuma a haka muka taso muka gan shi.

Yaya yana da 'yar fari. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya ma nuna ya san da zamansa. Mutane da yawa sun sassauta yanzu, amma Yaya ya riƙe abin tamau. Tun ranar da aka haife ta sunanta a bakinsa “waccan”, in kuma ya ga dama ya ce “mutanen can”, alhali ita kaɗai ce. Ranar aurenta tun da sassafe ya kora shanu daji, ni na zauna na ba da ita. In ta zo gaishe shi yana amsawa ne yana kallon gindin rumbu. Sai dai duk ranar kasuwa ba ya dawowa hannu biyu. Ya sayo kifi ko lemo, ya miƙa wa matarsa yana ɓata rai, ya ce wani ne ya matsa masa ya saya, shi ba ya so, a kai wa mutanen can.

A unguwar da ke bayanmu aka yi mata aure, wato ita ma rafin nan yana tsakaninta da titi. Daminar farko bayan auren, cikin Agusta, naƙuda ta kama ta, haihuwar ta zo da gardama. Ungozoma ta ce wannan ba nata ba ne, a tafi asibiti. Aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin rafi, muka tarar ya cika. Motar da muka kira tana tsallake, muna ganin direban yana ganinmu, ba abin da wani zai iya yi. Daga hantsi har la'asar muna nan. Da ruwan ya ragu aka tsallaka da ita a kan ƙyauren ƙofa. Ita dai da sauran kwananta, amma jaririn bai zo da rai ba. Ban ga Yaya a wurin ba ranar, kuma ban yi mamaki ba, sai dai na ji haushinsa, haushin da na daɗe ban huce ba.

Bayan wasu watanni Allah ya sake ba ta juna biyu. A wurin awo aka ce mata wannan karon kada ta kuskura ta haihu a gida, kuma lissafin ya sake faɗawa cikin Agusta. Yadda labarin ya iso ni ma abin kallo ne. Ita ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa matata, matata ta gaya mini, ni kuma aka ɗora mini in kai wa Yaya, wanda yake kwana gida ɗaya da uwar. Na same shi yana ɗaure maraƙi, na ce masa mutanen can an ce ba su cika jin daɗi ba, kuma an ce sai asibiti, kuma an ce Agusta. Ya ƙara wa igiyar ƙulli ɗaya, ya ce Allah ya sawwaƙe, kamar labarin mutanen wata ƙasa na ba shi.

Kwana uku bayan nan sai ga shi a zaurena da la'asar. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi awakina, waɗanda bai taɓa ɗauka a bakin komai ba. Can ya ce:

“Ɗalibin nan naka da yake majalisa, an ce yana yi wa mutane kwalbati.”

Na ce haka ake faɗa.

“Shanu suna shan wahala a rafin nan,” in ji shi.

Shanun Yaya sun fi na kowa iya iyo a garinmu, saboda haka na gane inda ya dosa. Na ce to, mu je mu same shi. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, har ya kai bakin ƙofa sannan ya waiwayo ya ce amma maganar gida ta tsaya a gida, kada in kai masa ita bainar jama'a. Na yi masa alkawari, domin a lokacin ina ganin da irin bakina ko babu dalili sai na samo kwalbati.

Ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu ɗalibina ne. Na koyar da shi a aji huɗu a Karaye, lokacin yana zaune a wurin kawunsa. Ba ya ja a lissafi, wannan kam ba zan ɓoye ba, amma in faɗa ya tashi a filin makaranta shi ake nema ya raba. Na taɓa sa shi ya durƙusa a rana saboda cin gyaɗa a aji. Da ya zama Honarabul sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk Asabar yana barin Kano ya zo gida Rogo, ya shimfiɗa tabarma a rumfar ƙofar gidansa, ya zauna daga safe har azahar yana sauraron mutane. Wannan garin rijiyar burtsatsensu ta lalace, wancan rufin aji ya yaye, wata 'yarta ta ci jarrabawa ba a san inda za a bi ba. Da wani babban littafi a cinyarsa, da hannunsa yake rubutawa, kuma rubutun har yanzu bai gyaru ba.

Na shirya jawabi mai gabatarwa da gundari da kammalawa. Na karanta wa matata sau biyu, ta ce ita dai da ita ce Honarabul da gada za ta ba mu, don in yi shiru. Ranar Asabar na sa babbar riga, muka ɗauki liman, muka riƙe kwalbar man shanu da zabi biyu, muka tafi mu uku.

Abin da ya ɓata mini shiri shi ne ladabin mutumin. Yana hango ni ya miƙe, ya bar tabarmarsa, ya zo ya durƙusa a gabana a gaban jama'a, ya sa aka kawo mini kujera. Ya gaya wa mutane wai duk abin da ya zama ni ne sila. Kaina ya yi girma har hula ta matse ni. To, mutumin da ya gama durƙusa maka yanzu-yanzu, da wane baki za ka ce masa roƙo ka zo? Muka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya aiki, yaya jama'a, yaya zafi, yaya muka ji da haƙurin wane. Liman ya karɓa ya sake daga farko, ya rufe da addu'a. Da aka shafa, Honarabul ya buɗe littafinsa ya ce, “Malam, da me aka zo?”

Sai na ji bakina ya ce, “Gaisuwa kawai muka zo.”

Wallahi ban san lokacin da ta fito ba. A wurinmu haka ake yi. Ba a faɗa wa mutum buƙata daga zama, sai ya tambaya ka ce babu, ya sake tambaya ka ce ai ba wani abu ba ne, a ta uku sannan ka fara zagayowa. Shi kuwa bawan Allah mutum sama da hamsin ne suke jiransa a rana. Ya dai sake cewa babu wata matsala a gari? Liman, don kada a yi shiru, ya ce lafiya lau, sai dai tabarmin masallaci da suka ɗan tsufa. Yaya ya yi gyaran murya, na ce a raina yauwa, ga ta nan. Ya ce shanu suna shan wahala da damina. Honarabul ya rubuta, ya yi godiyar zabi, ya raka mu har bakin titi.

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka sauka a rafi muna tura babur cikin yashi, Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ashe bakin naka na ɗaurin aure ne.”

Bayan kwana goma mota ta shigo garinmu da sababbin tabarmi da butoci, liman har da ƙwalla. Bayanta kuma ga likitan dabbobi a kan babur da akwatin allura, ya ce Honarabul ne ya turo shi, an ce shanunmu suna shan wahala da damina. Aka wuni ana kayar da shanu ana yi musu rigakafi. Yaya yana riƙe da ƙahon bijiminsa yana harara ta, ni kuma na mai da hankali wajen yaba ingancin butocin. A gida matata ta tambaye ni ko a cikin butar za a tsallaka da yarinyar.

Asabar ta gaba na ce zan koma ni kaɗai. Yaya ya ce ƙafarsa ƙafata. Ya san ni, ya san in na keɓe da ɗalibina alkawarin nan ba zai kai azahar ba. Wannan karon na taƙaita gaisuwa, na runtse ido na ce kwalbati muke so a rafinmu. Honarabul bai yi mana alkawarin ƙarya ba. Ya ce a gaskiya kwalbati ɗaya ya samo wa wannan yankin a bana, kuma mutanen wani ƙauye ta wajen Jajaye sun riga mu tambaya. Su dalilinsu a fili yake: motar ɗaukar amfanin gona ba ta iya shiga, kayansu suna lalacewa a gona. Ya ce, “Ku fa, Malam? In an tambaye ni me ya sa naku ya fi gaggawa, me zan ce?”

Nan na saki jawabina. Na yi maganar ci gaban karkara, na yi ta tattalin arziki, na taɓo ilimi, na gangaro kan haɗin kan al'umma. Mutanen rumfar suna ta gyaɗa kai, wani har ya ce a gaishe da Malam. Honarabul ya bari na kai aya, ya yi murmushi ya ce ai ni na koya musu a aji huɗu cewa in ka yi bayani sai ka kawo misali. Misalin yana kan harshena. Na buɗe baki ke nan na ji an danne mini gefen riga da ƙasa. Na duba, sandar Yaya ce, shi kuma yana kallon rufin rumfa kamar yana ƙirga azara. Na ce misalai suna da yawa, ba za su ƙirgu ba. Honarabul ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ce to, zai zo da kansa ya ga wuraren biyu, sannan ya yanke.

Ranar na yi wa Yayana abin da ban taɓa yi ba. Na tsai da babur a hanya na ce masa kunya ba ta tsallakar da kowa rafi. Na ce bara muna bakin ruwa muna ta salati, kai kana daji da shanu, bana ma so kake a maimaita? Na ce in wani abu ya sami yarinyar nan, ni dai na fita. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji, don ni na ba da aurenta, a hannuna ta koyi karatu. Ya sauka daga babur ɗin, ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya ƙarasa gida a ƙasa.

Aka aiko cewa Honarabul zai zo ranar wata Lahadi. Lokacin bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa da yamma yana watsewa. Mai unguwa ya tara mu ya ce babban baƙo zai zo, ba zai yiwu motarsa ta sha wahala a ƙofar garinmu ba, abin kunya ne. Kowa ya ce gaskiya ne, ni ma da digirina na surutu na ce gaskiya ne. Aka yi gayya ta kwana biyu. Muka cike zaizayar da ruwa ya yi a gaɓa, muka kwashe kututturan da ya bari, muka zuba jar ƙasa a kan yashin muka daddaɓe. Mata suka share wurin tas, aka yayyafa ruwa. Muka kafa rumfa a bakin rafin, muka shimfiɗa sababbin tabarmin masallaci. Duk garin ba a sami mutum ɗaya da ya tsaya ya tambaya me baƙon zai zo gani ba.

Motarsa ta gangaro, ta haye sumul, ko girgiza ba ta yi ba. Ya fito yana dube-dube, ya ce, “Malam, ina rafin?”

Na ce ai a kansa ya wuce.

Ya koma ya taka wurin da ƙafarsa, ya dawo yana dariya ya ce daga wajen Jajaye yake, can sai da aka tura motarsa, mu kuwa hanyarmu ta fi ta ƙofar gidansa kyau. A lokacin ne abin da muka yi ya faɗo mini. Na dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi liman, liman ya shiga jan carbi. Na tashi na yi ta kwatance da hannu, ruwa yana kaiwa nan, yana kaiwa can, har reshen bishiyar can. Honarabul yana saurare da ladabi, amma na san wannan kallon, irin wanda nake yi wa ɗalibi ne in ya ce akuya ta cinye masa littafi.

Aka ci abinci, aka sha fura. Sannan ya gyara zama, ya daina dariya, ya ce zai yi tambaya ɗaya. Ya ce, “Tsakani da Allah, akwai wanda rafin nan ya taɓa cutarwa?”

Duk wanda ke rumfar ya san amsar, har matan da ke tsaye daga baya. Amma magana ce ta gidan Yaya, kuma Yaya yana zaune. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni alkawari ya ɗaure ni, ga shi tun ranar babur ba mu yi magana ba. Honarabul ya jira, ya ƙara jira. Da ya ga shiru sai ya rufe littafinsa, ya yi godiya, ya ce in Allah ya kai mu baɗi zai sa mu a gaba. Ya miƙe yana gyara hula. Mu kuwa baɗi ba ta da amfani a wurinmu.

“Honarabul, tsaya.”

Sai da na waiwaya don in tabbatar, saboda ban taɓa jin muryar Yaya a taro ba. Yana tsaye, ya dogara da sandarsa da hannu biyu.

“Ba shanu ba ne,” in ji shi. “'Yata ce. 'Yar fari.”

Sannan ya kira sunanta. Cikakke, yadda liman ya raɗa mata. Mata suka toshe baki, matarsa ta ja mayafi ta bar wurin. Wani dattijo kusa da ni ya yi salati a hankali. Yaya bai dubi kowa ba, ya nuna ƙasa da sandar.

“Bara a nan ta wuni, daidai inda kujerarka take. Ni ina bayan ɗorawar can tun hantsi har la'asar. Ina jin muryarta, ban fito ba. Jikana a nan ya tafi. Bana ma an ce Agusta.”

Ya zauna. Na dubi ɗorawar, ba ta fi taku arba'in daga inda muka tsaya ranar ba, na tuna abin da na faɗa masa a kan babur, kunya ta rufe ni.

Honarabul ya koma ya zauna, amma a ƙasa, a gefen tabarmar Yaya. Ya buɗe littafin, ya rufe bai rubuta komai ba. Ya ce, “Baba, ka yafe mini da na sa ka faɗa.” Daga nan ya juyo gare mu ya ce ba zai ƙwace wa mutanen Jajaye abin da suka riga mu nema ba tare da ya koma ya same su ba, kuma ko sun yarda, in aka ce sai takardu sun gama zagaya ofisoshi, ruwa zai riga mu. Saboda haka shi zai kawo siminti da rodi da injiniya, mu kuma yashi da dutse da ƙarfi. Ya ƙara da cewa ya ga muna da ƙwazon gayya, tunda mun iya ɓoye rafi guda cikin kwana biyu.

A ranar ya koma wancan ƙauyen. Ban san yadda ya gaya musu ba, na dai san bai ambaci gidan kowa ba. Dattawansu suka ce masara tana iya jira, a fara da namu. Ranar da aka fara haƙa sai ga mazansu a bayan mota da cebur da diga, sun zo taya mu. Sun yi aiki kamar nasu, sai dai sun biya kansu da tsiya. Har yau in muka haɗu a kasuwa sai su tambaye mu ko mun share rafi da safe.

Wata biyu aka yi ana aikin, ruwan farko yana ta tsorata mu. Sau ɗaya ya sauko ya tafi da katakon da aka kafa, aka sake. Honarabul ya zo sau uku, a na biyun ya shiga ramin da farar shadda don ya ga rodin da idonsa, ya fito kamar birkila. Ni aka ba ni aikin da ya dace da ni, wato tsayawa a gaɓa ina ba da shawarar da ba wanda ya nema. Yaya kullum yana kawo dutse a amalanke da bijimansa biyu, in an yi masa sannu ya ce bijiman ne suka yi ƙiba, yana so su motsa jiki. Maganar da ya yi a rumfa kuwa, garin nan kaf aka yi kamar ba a ji ba. Ba wanda ya taɓa tayar masa da ita, shi ma ya koma cewa “mutanen can” kamar da.

Ranar haihuwar ta zo cikin Agusta, da ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe. Wajen hantsi matata ta leƙo ta ce in kira mota. Na kira direban nan dai na bara, ya zo, wannan karon har ƙofar gida. Aka sa yarinyar a baya tsakanin uwarta da matata, mijinta ya matsa a gefe, ni na shiga gaba. Da muka doshi rafi tun daga nesa muke jin rurinsa. Ya cika, jawur, yana dukan bakin kwalbatin yana fita ta ɗaya gefen, amma saman a sarari yake. A gefen hanya ga mutum tsaye cikin ruwan da malfa da sanda. Direba ya rage gudu, na sauke gilashi na ce Yaya me kake yi a nan? Ya ce wata saniya ce ta ɓace masa. Ya juya mana baya yana duban daji har muka haye. Ita dai ta gan shi, na ji ta ce “Baba” a hankali.

A asibitin Rogo aka shiga da ita, muka zauna a baranda. Sai bayan la'asar wata ma'aikaciya ta fito ta ce an sauka, mace ce, uwa da 'ya suna lafiya, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Na yi hamdala, na kira Honarabul na gaya masa, ya yi ta cewa alhamdulillahi, Malam, alhamdulillahi. Yaya ba ya riƙe waya, saboda haka na hau ɗan acaɓa na kamo hanya.

Ruwan ya tsagaita, rana ta kusa faɗuwa. Na same shi inda muka bar shi, sai dai yanzu yana zaune a kan kafaɗar kwalbatin, rigarsa ta manne a jikinsa, ga shanunsa can a fako cif, ba wadda ta ɓace. Na sallami mai babur, na tsaya a gabansa na ce, “Yaya, an sauka lafiya. Mace aka samu. Ita ma tana lafiya.”

“Ni na tambaye ka?” in ji shi.

Na ce a'a, ni ne dai da surutuna.

Ya dafa sanda zai miƙe, ƙafafun suka ƙi. Ya sake gwadawa, suka ƙi. Na miƙa masa hannu ya kama, na ɗago shi, kuma bai saki ba, rabon da ya riƙe hannuna tun ina bin sa kiwo. Muka kama hanyar gida a hankali, shanun suna biye da mu. Mun yi 'yar tafiya sai ya tsaya.

“Ƙarar ruwan nan ba ta bari na ji ba,” in ji shi. “Me ka ce?”

Na sake faɗa masa daga farko. Kafin mu kai ƙofar gida sau huɗu ya sa na maimaita.